TSOHON GIDAN KATAKO: A RUSHE KO A BARI?

 

 Yau ba zancen girki na zo miki da shi ba, ba kuma na zaman kishi ba. Zancen wani tsohon gidan katako ne da na gani a garin Lakwaja, da wata tambaya da ƙanwata ta jefo mini a gabansa, wadda na kasa amsawa a ranar, sai da na dawo gida na yi kwanaki ina juya ta a raina. Na san za ki ce, "To ni ina ruwana da gidan katako, ina fama da tsadar gawayi?" Yi haƙuri ki biyo ni a sannu, za ki ga ashe maganar ta shigo har cikin ɗakinki.

Biki ne ya kai mu Lakwaja, garin nan da kogin Kwara ya haɗu da na Binuwai, wanda matafiya zuwa kudu suka fi saninsa da soyayyen kifi a bakin hanya. Da aka watse daga biki, sai ɗan masu masaukinmu ya ce bari ya zaga da mu mu ga gari kafin mu kama hanya. A cikin zagayen ne ya tsaya da mu a gaban wani gida da ban taɓa ganin irinsa ba. Babu bulo babu tubali, katako ne tun daga bango har daɓe. Gidan bai zauna a ƙasa ba, an ɗora shi ne a kan ginshiƙai, sai an hau matakala ake shiga, har akuya tana iya kwanciya a ƙarƙashinsa ta sha inuwa. Ga baranda mai faɗi, ga manyan tagogi, ga rufin kwano da ya zarce bango sosai kamar malafa a kan mutum. Da muka taka daɓen sai ya riƙa ƙara a ƙarƙashin ƙafarmu, kamar tsoho yana gyaran murya.

Ƙanwata ta ce, "Wai gidan su waye wannan?"

Yaron ya ce, "Na zamanin Gwamna Lugga ne, manyan ma'aikatansa aka yi wa irinsu. A warware aka kawo su daga Ingila, aka harhaɗa a nan. Ɗaya daga ciki ma an mai da shi gidan adana kayan tarihi."

Ta ce, "Lugga dai wanda ya ci Kano da yaƙi?"

Ya ce, "Shi fa."

Sai ta ja tsaki, ta juyo gare ni ta ce, "Yaya, wallahi da ni ke da iko, ashana ɗaya ta ishi gidan nan. Mutanen da suka kori sarakunanmu, kuma a zauna ana shafa wa gidansu fenti? Ga bayin Allah nan ba su da wurin kwana. A rushe a gina wa talakawa shaguna mana."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji ba ni da ita. Domin kuwa, tsakani da Allah, ba ƙarya ta yi ba.

Bari in tuna miki abin da ya faru, don ki san zafin da take ji ba na banza ba ne. A garin nan na Lakwaja ne, ranar 1 ga Janairu 1900, Lugga ya sa aka sauke tutar kamfanin ciniki na Turawa da ke riƙe da bakin kogi, aka ɗaga tutar Ingila, aka yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga hannunsu. A lokacin yawancin mutanen Kano da Sakkwato da Katsina ba su ma san an yi ba. Daga nan hedikwatarsu ta koma Jebba, sannan Zungeru a 1902, daga baya Kaduna. A watan Fabrairu na 1903 sojojin da Lugga ya tura suka shiga Kano, a watan Maris suka shiga Sakkwato. Sarkin Kano Alu ba ya gari ranar da aka ci Kano, ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan aka mai da shi Lakwaja, inda ya zauna nesa da gida har Allah Ya yi masa rasuwa a 1926. Haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami mai waƙa, aka tuɓe shi a 1920, shi ma a Lakwaja ya ƙare kwanansa a 1924. Kaburburansu suna can a unguwar Kabawa. Kin ga ke nan, gari ɗaya ya haɗa gidan wanda ya yi kora da kabarin wanda aka kora. To yaya za a yi 'yar Kano ta tsaya a gaban wannan gida zuciyarta ba ta sosu ba?

Duk da haka, da na dawo na yi tunani, sai na ga in aka bi shawarar ƙanwata, mu ne za mu yi asara, ba Lugga ba. Shi ya mutu tun 1945, ashana ba za ta kai gare shi ba. Ga dalilaina, ki auna su da kanki.

Na farko, akwai bambanci tsakanin girmama mutum da ajiye shaida a kansa. Ki ɗauka mace ce mijinta ya zalunce ta, ya rubuta mata takarda mai cike da cin mutunci. In ta yayyaga takardar don haushi, ta huce na rana ɗaya, amma ranar da aka je gaban alƙali ya ce bai yi ba, da me za ta kafa hujja? Mai hankali ninke takardar take yi ta sa a ƙasan akwati. Ba son takardar take yi ba, sanin ranarta ta yi. To haka tsohon gidan nan yake. Yaran da ake haifa yanzu, in kin ce musu akwai lokacin da baƙi ƙalilan suka zo ta kogi suka mallaki ƙasar nan baki ɗaya, sai su ji kamar tatsuniyar gizo da ƙoƙi. Amma in kin kai yaro ya hau matakalar nan da ƙafarsa, ya taɓa katakon da hannunsa, sannan kika wuce da shi Kabawa ya tsaya ya yi wa Sarki Alu addu'a, wannan yaro ba zai manta ba har ya tsufa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Addininmu ma ya nuna mana cewa ba kowane abin da aka bari a tsaye ne aka bari don girmamawa ba. A cikin Suratu Yunus, Allah Ya ba da labarin cewa an tsirar da gangar jikin Fir'auna ne don ya zama aya ga na bayansa. Kuma ya zo a hadisi cewa a hanyar zuwa Tabuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta Hijir, mazaunin Samudawa, ya hori sahabbai kada su shiga wurin sai suna masu kuka, don tsoron abin da ya sami mutanen. Wurin yana nan har yau a ƙasar Saudiyya. Ba fatawa nake bayarwa ba, ban kuma ce Turawan nan Samudawa ne ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne, gidan wanda ya shuɗe wa'azi ne, kuma abin lura shi ne da wace zuciya aka shige shi. In kin shiga kina dariya kina ɗaukar hoto kawai, kin yi asarar tafiya. In kin shiga kina tunanin yadda masu ikon jiya suka tafi suka bar katako yana kuka a ƙarƙashin ƙafar jikokin waɗanda suka mulka, to kin samu abin da ba a sayarwa a kasuwa. Ina masu ba da umarni a barandar nan? Ina masu sara musu? Mulki na Allah ne Shi kaɗai.

Na biyu, gidan nan ba na Bature ne shi kaɗai ba. Wa ya sauke katakon daga jirgi a bakin kogi? Wa ya ɗauko shi a ka cikin zafin Lakwaja, wanda duk wanda ya je ya san ba wasa ba ne? Wa ya haƙa ramin ginshiƙai, wa ya riƙe katako ana buga ƙusa? Wa ya yi shekaru yana share daɓen nan, yana dafa abinci a bayan gida, yana wanke tufafi? Mutanenmu ne, Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Igala da sauran mazauna bakin kogi. Ba a rubuta sunan yawancinsu a littafi ba, ba a ɗauki hotonsu ba. Abin da ya rage na guminsu shi ne wannan gida. In kin ƙona shi don ki huce a kan mai gida, kin haɗa da aikin hannun leburan da ba su ci ba ba su sha ba. Ke da kike matar gida kin fi kowa sanin wannan. Gida sunan namiji yake amsawa, a ce gidan Alhaji wane, amma wa ke share shi safe da yamma?

Na uku, akwai ilimi a jikin ginin, kuma ilimi ba shi da ƙabila. Me ya sa aka ɗaga gidan daga ƙasa? Don iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi, danshin ƙasa kada ya taɓa katako, sannan in gara za ta hau, dole ta gina hanyarta ta laka a jikin ginshiƙi a fili, inda mai gida zai gani ya kankare. Me ya sa rufin ya zarce, aka kuma yi baranda? Don rana kada ta doki bango kai tsaye, ruwan sama kuma ya zuba nesa da shi. Me ya sa tagogin suke da girma? Don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Sannan katako ba ya riƙe zafi kamar bulo da siminti. Ke shaida ce, ɗakin bulo yakan sha rana wuni guda, da dare kuma ya riƙa amayo zafin, ki kwana kina fifita ga yara suna kuka, in an ɗauke wuta. Waɗancan mutane sun yi gininsu ne lokacin da babu fanka babu na'urar sanyaya ɗaki, don haka dole ginin da kansa ya yi aikin fanka. Mu kuwa yau muna gina ɗaki kamar akwati, taga ƙarama kamar ta kurkuku, sannan mu zauna muna tsine wa masu wuta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada kuma ki ɗauka wannan hikima ta Bature ce kaɗai. Iyayenmu sun san sirrin itace tun kafin ya zo. Ki ɗaga kai a tsohon soron ƙasa na cikin birni, abin da ke riƙe da rufin nan azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika cinta ba. Da azarar nan magina suke ɗaure bakan gizo, su rufe ɗaki mai faɗi ba ƙarfe ba siminti. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi, har masana gini daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallonsa suna rubutu a kansa. Wato gidan ƙasarmu ma, in kin duba cikinsa, ƙashinsa na itace ne. Wanda ya koyi ganin darajar gidan katako na Lakwaja, zai dawo ya kalli soron kakansa da sabon ido.

Wataƙila ki ce, "Ai katako ba ya daɗewa, ko an bar shi zai ruɓe." Nan ne mutane da yawa suke kuskure. A garin Kalaba akwai wani gidan bene na katako da ya girmi na Lakwaja, wanda aka ƙera a Birtaniya aka kawo shi a jirgin ruwa aka kafa a 1884, don wakilin gwamnatin Ingila. Kalaba gari ne mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, amma gidan ya haura shekara 140, kuma shi ne aka mayar gidan tarihi na garin. A ƙasar Japan kuwa, kusa da birnin Nara, akwai wani wurin ibada na mabiya addinin Buda da ake kira Horyu-ji, wanda gine-ginensa na katako suka haura shekara 1300, wato tun wajen zamanin daular Banu Umayya suke tsaye. Ba tsafi ba ne ya riƙe su. Kulawa ce. Duk zamanin da ya zo sai ya sami kafintocin da za su duba, su cire abin da ya ruɓe, su sa sabo daidai da na da, su miƙa wa na baya.

Abokan gabar katako uku ne: ruwa, gara, da wuta. Wuta ce kaɗai ke zuwa da gaggawa. Sauran biyun a hankali suke aikinsu, kuma sakaci ne ke buɗe musu ƙofa. Ƙusa ɗaya ta zare a rufi, ruwa ya fara ɗiga, aka ce gobe a gyara. Damina ta wuce, wata ta zo, katakon da ke ƙasan wurin ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, har ya yi laushi, gara ta samu abinci. Shekara goma sai a ce gida ya tsufa, a rushe. Alhali ba tsufa ne ya kashe shi ba, kwanon rufi ɗaya ne da ba a canja ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yar'uwa, ashe ba haka zumunci yake ba? Ashe ba haka aure yake ba? Ba a cika samun gidan da ya rushe rana ɗaya ba. Ƙaramar magana ce ba a gyara ba, gaisuwa ce aka daina, ciwo ne ba a je dubiya ba. Shi ya sa na ce miki maganar za ta shigo ɗakinki. Gidan katako yana koya mana cewa abin da ya daɗe, ba ƙarfinsa ne kaɗai ya daɗar da shi ba, an samu masu duba shi ne kullum, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To amma kada in cika ki da daɗin baki, in ɓoye miki inda maganar ƙanwata take da ƙarfi. Ta ce ga mutane ba su da wurin kwana. Wannan gaskiya ce mai nauyi. Lakwaja gari ne da ambaliya ta yi wa ɓarna a 2012, ta sake yi a 2022, mutane da yawa suka rasa muhalli. Wanda ruwa ya cinye ɗakinsa, in kin je kina yi masa zancen darajar tsohon katako, ai sai ya ga kin raina shi. Rai ya fi gini, ko da ginin ya shekara dubu. In da za a ce lallai sai an zaɓa tsakanin ran mutum ɗaya da gidan nan, ni ce zan fara miƙa ashanar. Sai dai a gaskiya ba a cika kai wa ga wannan zaɓi ba. Filin da tsofaffin gidajen nan suka ci bai taka kara ya karya ba, kuma kin taɓa ganin an rushe tsohon gini an raba wa talakawa filin? Yawanci mai kuɗi ne ke samun wurin, talaka kuwa ya rasa tarihin, bai kuma sami shagon ba.

Sannan akwai magadan da suka gaji tsohon gida, ga talauci, ga yara, ga mai saye ya zo da kuɗi a hannu. Ba adalci ba ne a ce musu su ci tarihi su ƙoshi. In al'umma ta ce gida nata ne don darajarsa, to al'umma ta sa hannu a aljihu ta taimaka da gyara. Takardar gwamnati kaɗai ba ta riƙe bango. A da, a Legas akwai wani tsohon gida da ake kira Ilojo Bar, kusa da dandalin Tinubu, ba na katako ba ne, amma darasinsa ya shafe mu. An gina shi a 1855, gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956, amma a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe shi. Abin da ya tsaya shekara 161 ya tafi cikin yini guda. Aka yi ta surutu a jaridu, amma surutu bai mai da tubali ɗaya ba. Wannan shi ne bambancin rushewa da bari. In kin bari yau, gobe kina da damar rushewa. In kin rushe yau, kin yanke wa jikokinki hukunci ba tare da kin tambaye su ba.

Ba kuma cewa nake yi kowane tsohon abu sai an ajiye ba. In haka ne, da gidajenmu sun zama juji. Tsohuwar tabarma in ta mutu a yar, tsohon bokiti in ya fashe a ba 'yan gwangwan. Ga ma'aunin da nake amfani da shi, tambaya uku ce. Shin abin nan yana ba da labarin da babu mai ba da shi in ba shi ba? Shin akwai gwanintar hannu a jikinsa da ta fara ɓacewa? Shin in ya tafi, kuɗi za su iya dawo da shi? In amsar biyun farko i ce, ta ukun kuma a'a, to ki dakata, kada ki yi gaggawa.

Ban koyi wannan ma'auni a makaranta ba, da hawayen kakata na koye shi. A zauren gidanmu akwai wani tsohon ƙyaure na katako mai kauri, wanda mahaifin kakanmu ya sa aka yi. Ya yi baƙi don tsufa, kuma daidai inda ake tura shi ya lotsa ya yi santsi saboda yawan hannayen da suka taɓa wurin. Da bikina ya matso aka yi wa gida kwaskwarima, aka cire shi aka sa ƙofar ƙarfe, aka jingine shi a bayan ɗaki. Ranar wuni itace ya ƙare ana tsakiyar dafa shinkafa, mata suna ta kiran a kawo itace. Ni da bakina na ce wa yara, "Ga wancan tsohon ƙyauren can, ku faskara." Kafin la'asar ya zama toka.

Bayan kwana biyu kakata, wadda muke kira Inna, ta zaga bayan ɗaki ba ta gan shi ba. Da aka gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a bakin ƙofa ta yi shiru, can ta ce da ni, "'Yar nan, ta ƙofar nan aka shigo da ni ina amarya, ta nan aka fita da Malam. Duk gidan nan babu sauran abin da hannunsa ya taɓa sai ita." Sai ta share ido da bakin zanenta ta ce, "Ba komai, Allah Ya ba ku zaman lafiya." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Shinkafar da aka dafa, kafin magariba an cinye an manta. Ni kuwa ga shi shekaru sun wuce, Inna ta daɗe da rasuwa, har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ban tambaya ba, shi ne laifina. Da na tsaya na ce, "Inna, mene ne labarin ƙyauren nan?" da yanzu yana nan ina nuna wa 'ya'yana.

Don haka, 'yar'uwa, ba sai kin je Lakwaja ko Kalaba ba. Ki duba gidanku. Akwai tsohon akwatin katako da aka kai kakarki da shi ɗakin miji, akwai allon da kakanku ya yi karatu da shi, akwai turmin da ya ciyar da gidan shekara hamsin, akwai akushi da ludayin da yanzu ba kowane masassaƙi ne zai iya yin irinsu ba. Kafin ki ce tarkace ne ki miƙa wa mai sayen tsofaffin kaya ya ba ki roba, je ki sami tsohuwar gidan ki tambaye ta. Ki zauna ki saurara, ki sa yaranki su saurara. In abin na ajiyewa ne, ki ɗaga shi daga ƙasa, ki nisanta shi da danshi da murhu, ki riƙa duba shi saboda gara, ki shafa masa ɗan mai lokaci lokaci. In kuma kina cikin magada ana shawarar rushe tsohon soro, kada ki yi shiru don ke mace ce. Ki ce a tsaya a duba ko zai gyaru, ko a bar zaure ko ɗaki ɗaya, ko aƙalla a cire ƙyaure da azara a adana, a ɗauki hoto, a rubuta wanda ya gina da shekarar da aka gina. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da muka sake haɗuwa da ƙanwata na zayyana mata duk wannan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, na ji, a bar gidan. Amma da sharaɗi. Duk wanda aka kai ya ga gidan Bature, a wuce da shi ya ga kabarin Sarki." Na ce mata wannan sharaɗi ya fi duk abin da na faɗa, domin rabin labari ƙanen ƙarya ne. Har yanzu ba ta son gidan, ni ma ban ce ta so shi ba. Abin da muka yarda a kai shi ne, shaida ba a kashe shi don an ƙi jinin abin da ya gani.

Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya. To in an share duk abin da ke baya, me za a waiwaya a gani?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mini abin da na yi cikin rashin sani. Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka tarar, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a in sun gani. Kuskuren da ke cikin wannan rubutu nawa ne, daidai kuwa daga Allah ne. Wassalamu alaikum.